Musayar waƙa: mai ido ɗaya da ke bayan dala biyu

Ɗan Wapa:
Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya wani kwastoma ya kawo canji sai ga dala 2 a ciki, wlh duk daɗewata a harkar nan ban riƙe ta ya fi sau uku ba, na juya bayanta sai ga mutane jingim a ɗaki kamar ɗaurin aure, aka ce min wai zanen ayyana 'yancin Amurka ne, na wani John Trumbull. To ga fili, amsa-amon ƙarshe "wa" ne, wanda ya karya zai sayi shayi.

Da sunan Allah nake farawa,
Takardar dala biyu nake juyawa,
Dattawan Turawa sun cika ɗaki da yawa,
Wa ya tara su haka, ku zo da faɗawa.

Anti Malama:
Ƙanina matso kusa, ka taɓo inda nake so.

Lebanon ta Connecticut can ne gari,
1756 aka haife shi, farkon labari,
Ubansa Jonathan ya yi gwamna mai tsari,
Gidan mulki ya tashi, ba ɗan talakawa.

Haɗari ya same shi yana ƙarami,
Ido ɗaya ya mutu, ɗayan ya bi alƙalami,
Yana 17 ya fito Harvard da ilimi,
Uba na son lauya, ɗa ya ce sai zanawa.

Har uban ya ce masa kar ya manta Connecticut ba Atina ta Girka ba ce, garin masu fasaha, wato nan ba a cin tuwo da fenti. Iyaye dai ko'ina halinsu ɗaya.

Tsohon Kofur:
Anti kin tsallake wajenmu, mutumin nan ya sa kaki fa.

Yaƙin 'yancin Amurka ya ɓarke, an yi wa Boston zobe,
Ya zano shingen Ingila har inda suka laɓe,
Janar Washington ya gani ya ce wannan ya ci zaɓe,
1775 ya zama dogarinsa yana rakawa.

Sai dai Kanar ɗin akwai zuciya,
Kwanan watan takardar muƙami ya ce ba gaskiya,
1777 ya tuɓe kaki ya kama tafiya,
Kan kwanan wata fa jama'a, ya bar fafatawa.

Ni da na yi shekaru ina jiran igiya ta uku ban ajiye ba hhh, ɗan gwamna daban ne.

Alhajin Zaure:
1780 ya tafi Landan, yaƙi bai ƙare ba,
Gun Benjamin West, malamin da ba a raina ba,
Amurka ta rataye Manjo André, Ingila ba ta yafe ba,
Suka damƙe ɗalibin fenti don ramawa.

André ɗin hafsan Ingila ne da aka kama da leƙen asiri. Wata 7 Trumbull ya sha a kurkuku kafin ya samu fitowa. Shi ma da ganganci, ka yaƙi mutane sannan ka tafi garinsu karatu.

Gatari:
Ku yi haƙuri manyana, ni fa ban ga marubucin tarihi ba, maroƙin fada na gani riƙe da buroshi.

Zanen nan naku ba ranar 'yanci 4 ga Yuli ba,
28 ga Yuni ce, ba a ma sa hannu ba,
Wasu da ke ciki ranar ba su zo ba,
Shi ya jera su kamar hoton biki, kowa da kowa.

Sun rubuta wai an halicci mutane daidai,
Jefferson da ya rubuta hakan na da bayi a gona, ku tuna dai,
A zanensa na yaƙin Bunker Hill baƙin mutum na gefe can dai,
Bayan wani hafsa ya raɓe, da kyar ake ganowa.

Anti Malama:
Ɗana Gatari maganar bayi ka faɗi gaskiya, ba ni da ja ko kaɗan, kuma ranar ma haka ne, kwamitin mutum biyar ne ke miƙa daftarin ayyana 'yancin ga John Hancock, shugaban majalisarsu. Amma maroƙi yana zaune a ƙofar fada yake wasa wanda bai taɓa gani ba, shi wannan wahalar da ya sha daban ce.

Ba kyamara a zamanin, ƙafa ce jari,
Adams a Landan, Jefferson a Paris tun fari,
Sauran ya bi su gida gida, gari gari,
Kafin ƙasa ta rufe fuskar yana kamawa.

A Yorktown Janar Cornwallis na Ingila ya ce ba shi da lafiya,
Ya turo wakili ya je ya miƙa wuya,
Trumbull bai sa shi a zanen ba ko ɗaya,
In maroƙi ne da ya kawo shi yana durƙusawa.

Fuska 47 ke cikin zanen ayyana 'yancin, 42 daga cikin mutum 56 da suka sa hannu, ɗakin ma Jefferson ne ya zayyana masa fasalinsa a Paris daga abin da ya tuna.

Gatari:
To Anti na yarda fuskokin nasu ne,
Amma zaman ɗakin shirin Trumbull ne,
Rabi shaida, rabi kuma ado ne,
Na sauko mataki ɗaya, ban gama saukowa.

Ɗan Wapa:
Ni dai kun san inda hankalina yake, nawa aka biya shi?

Alhajin Zaure:
Ɗan kasuwa kenan.

1817 majalisa ta ba shi kwangila,
Zane huɗu manya, dubu 32 na dala,
Ƙafa 12 da 18, a Capitol, ginin majalisa, aka maƙala,
Har yau suna nan, baƙi na ta dubawa.

Ayyana 'yanci, miƙa wuyan Janar Burgoyne na Ingila a Saratoga, na Cornwallis, sai Washington yana ajiye shugabancin soja a 1783. Masana da yawa sun fi yaba ƙananan da ya yi yana matashi, wai manyan sun sandare, har wani ɗan majalisa John Randolph ya yi masa ba'a cewa zanen ƙwauri ne don ƙafafuwa sun yi yawa a ciki.

Tsohon Kofur:
Zuciyar nan ba ta bar shi ba har tsufa,
Ya shugabanci makarantar zane a New York ya kafa ƙafa,
Samuel Morse da samari suka ga ba ƙofa,
Suka kafa tasu, suka bar shi yana kumburawa.

Anti Malama:
1831 aljihu ya yi sanyi, ga shekaru,
Ya ba jami'ar Yale zanensa, sharuɗɗa suka ƙullu,
Dala 1,000 duk shekara har kwanansa su ƙare,
1843 yana 87 ya amsa kiran Mai kowa.

Kuma a ƙarƙashin ɗakin zanen nasa a Yale aka binne shi da matarsa Sarah, shi ya nemi haka.

Gatari:
Anti "ƙullu" da "shekaru"? wannan ai karya ce, shayi ya hau kanki.

Anti Malama:
Ka koma ka karanta doka ɗana, na ƙarshe aka ce, kuma na sauka kan "wa" lafiya lau.

Ɗan Wapa:
Anti ta fi ka gaskiya Gatari, kai za ka saya, da madara. Yanzu ma wani ya nuna min Hamilton, ministan kuɗin Amurka na farko, da ke gaban dala 10 shi ma daga zanen Trumbull aka ɗauko, ashe kullum mutumin nan na wucewa ta hannuna ban sani ba.

Dala goma kam gobe zan sayar,
Biyun nan ko an ninka farashi ba zan bayar,
Na sa ta a walat bayan katin shaidar,
Mai son gani ya zo shago, ba a taɓawa.