Murfin ma'ajiyar jirgina na yoyo, silikon ya ƙi kamawa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Daga Damagaram nake, ina da ƙaramin jirgin ruwa na faiba a tafkin Gidimuni. A goshinsa akwai ma'ajiya mai murfi, firam ɗin na alminiyam ne, an ɗaure shi da bis, wato ƙusoshi masu murɗawa. Da ruwan sama ya sauka ko igiyar ruwa ta watso, sai in tarar da koma da kayana sharkaf.

Robar bakin murfin rana da hunturu sun busar da ita har ta tsattsage, sai na yanko shambur ɗin mota na manna a madadinta. Yoyo ya ragu kaɗan. Na bi gefen firam da silikon, amma bai jima ba ya ɓare, da yatsa ma ana zare shi kamar igiya.

Na gwada da buta: in na zuba ruwa a kan murfin kaɗai, ciki a bushe yake. In na zuba a gefen firam, nan take yake ɗiga ta ramin bis. Biyu daga cikinsu juyawa kawai suke, ba sa kamawa, kuma wurin yana lotsawa in na taka. Zargina katakon da ke tsakanin faiban ya sha ruwa ya ruɓe.

Wani mai sa gilashin mota ya ce in cire firam gaba ɗaya in zaunar da shi da baƙin gam ɗinsu. Tsorona, wannan gam in ya kama, cire shi sai da ɓarna.

Don Allah, waɗanda suka san aikin faiba: gam ɗin zai riƙe a kan wurin da ke lotsawa, ko dole sai na ƙwaƙule ruɓaɓɓen katakon na cike da epoksi, wato gam mai sandarewa da ƙarfi, tukuna?