Hutun iyali a jirgin ruwa: MSC, Costa, AROYA ko Royal Caribbean?

Baban Amira, Ƙofar Ƙaura

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa, waɗanda ake kwana a ciki ana zagawa da mutum gari-gari. Mu shida ne: ni, maiɗakina, mahaifiyata mai shekara 68, da yara uku, 'yan shekara 14, 9 da 3. Fasfon Najeriya gare mu duka, kuma babu mai bizar ko'ina yanzu. Kwana bakwai muke so, ko a hutun Disamba ko a dogon hutun Agusta. Sunaye huɗu nake ta cin karo da su: MSC, Costa, AROYA da Royal Caribbean. Yara sun nace sai Royal Caribbean saboda bidiyon da suke kallo. Ni kuwa damuwata abinci, sallah, da kuɗin da zai fita daga aljihu a zahiri, ba wanda aka rubuta a talla ba. Wanne ya fi dacewa da mu?

Mai Tikiti, Katsina

Wa alaikumus salam Alhaji. Ajiye sunan kamfani tukuna. Mai koren fasfo daga tashar da jirgi zai tashi yake fara zaɓe, da ƙasashen da zai tsaya, domin biza ce za ta yanke hukunci. A mafi yawan hanyoyi, kowace ƙasa da jirgin zai yada zango sai kana da izinin shigarta ko da ba ka da niyyar sauka. Idan takarda ɗaya ta gaza, a bakin tasha za a dakatar da ku, kuma ba a mayar da kuɗi.

Royal Caribbean su ne gwanayen wasannin yara, babu musu. Jirginsu Icon of the Seas da ya fara aiki a Janairun 2024 yana iya ɗaukar fasinja 7,600. Amma manyan jiragensu galibi daga Florida suke tashi, su je Bahamas ko Meziko su dawo Amurka, ka ga shiga biyu ke nan. Tun Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya shiga ɗaya ta wata uku, daga baya ma ta ƙara tsaurarawa. A ba yara haƙuri. Idan dole sai wannan kamfani, a nemi jiragensu da ke zuwa Turai, masu tashi daga Basalona ko daga Civitavecchia, tashar birnin Rum.

Agusta lokacin Bahar Rum ne, kuma nan MSC da Costa suka fi yawan jirage. Akwai zagayen kwana bakwai da ba ya fita yankin Shengen (ƙasashen Turai da ake zagayawa da biza ɗaya) ko kaɗan: Jenowa, Napoli, Messina, Valletta ta Malta, Basalona, Marseille. Biza ɗaya ta wadatar. Amma ka karanta jerin tashoshin da idonka. Da zarar ka ga Tunis, ko Kotor ta Montenegro, ko wata tashar Turkiyya, jirgin ya fita Shengen zai sake shiga, bizar shiga ɗaya ta mutu a tsakiyar tafiya. Ko da ba haka ba, mai shiga da yawa za ka nema. Kuɗinta Yuro 90 ga babba, 45 ga ɗan shekara 6 zuwa 12, ƙaramin naku kyauta, ban da ladan ofishin karɓar takardu. Sai inshorar lafiya wadda za ta iya biyan kuɗin magani na aƙalla Yuro 30,000. Ana karɓar takardu tun saura wata shida, kuma mai son Agusta ya fara neman ranar ganawa tun Maris.

Disamba kuma hanyoyi uku ne. Tekun Fasha: Dubai, Abu Dabi, tsibirin Sir Bani Yas, Doha, Bahrain. Wannan sai da bizar Daular Larabawa mai shiga da yawa, ga ta Katar da Bahrain, kuma sharuɗɗan Dubai a kan 'yan Najeriya suna yawan canzawa. Sai Afirka ta Kudu, inda MSC ke tashi daga Durban zuwa gaɓar Mozambik tsakanin Nuwamba da Afrilu. Sai Bahar Maliya daga Jidda, wato AROYA.

Wani tarko a hanyar Jidda: mutanenmu sukan ce a haɗa da Umara. Tunani ne mai kyau, jirgin ƙasan Haramain ba ya cika awa ɗaya daga Jidda zuwa Makka. Sai dai bizar Umara yawanci shiga ɗaya ce. Jirgi ya kai ku Sharm el-Sheikh a Masar, kun fita Saudiyya ke nan, dawowa Jidda sabuwar shiga ce. Kafin ka ba da ko sisi, ka sa kamfanin ya rubuto maka irin bizar da mai fasfon Najeriya ke buƙata a kowace tasha.

Tsarin biya shi ne: kafin alƙalami a farashin da ake iya mayarwa, ka karɓi takardar shaidar ɗaki, da ita za ka nemi biza, sai biza ta fito ka cike ragowar ka yanki tikitin jirgin sama. Ragowar akan nema saura wata biyu zuwa uku, kuma hana ka biza ba hujja ba ce a wurinsu. Fasfo ya kasance da sauran wata shida bayan ranar dawowa, kowa da katin allurar shawara.

Umman Sadiq, Daura

Alhaji, tunda har da Hajiya da yara, ni AROYA zan sa a gaba. Kamfanin Saudiyya ne, ya fara jigila daga Jidda a Disamban 2024. Babu giya, babu ɗakin caca, abinci duk halal, akwai wuraren sallah, akwai kuma lokutan mata zalla a wasu wuraren ninƙaya da motsa jiki. Hajiya za ta ɗebi abinci ba tare da an tsaya tambayar me ke cikin miya ba, kuma wannan kwanciyar hankali ba ƙaramin abu ba ne a kwana bakwai.

MSC da Costa salon Italiya ne. Akwai mashaya a kusan kowane hawa, ɗakin caca sau da yawa yana kan hanyar zuwa zauren wasanni, bakin kwamin wanka kuma shigar Turawa ce. Ana iya zama lafiya, amma da lura. Da safe ana jera naman alade kusa da ƙwai, kuma fasinjoji kan ɗauki cokalin wannan tire su tsoma a wancan. Ana zuba giya a wasu miyoyin nama, da shinkafar risotto, da kayan zaƙi irin su tiramisu, ga jelatin a alewa da kek. Naman halal ba a kowace hanya ake samunsa ba. An fi dacewa da shi a Tekun Fasha da Durban. A nema a rubuce tun saura wata biyu, ranar farko kuma a je wurin shugaban ma'aikatan ɗakin cin abinci a tabbatar. An fi samun kulawa a ɗakin da ake zama a kawo maka, saboda ma'aikaci ɗaya ne ke teburinku kullum, zai riƙe abin da ba ku ci. Idan ba a samu ba, kifi, ƙwai, taliya, shinkafa da ganye sun isa.

Sallah a ɗaki za ku yi a waɗannan jiragen. Kamfas ɗin waya yakan rikice saboda ƙarfen jirgi. Talabijin ɗin ɗaki yana da tashar da ke nuna taswira da inda jirgi ya dosa, da ita ake gane alƙibla, a sake dubawa kowace sallah domin ya juya. Lokutan sallah ma na wurin da kuke ne, ba na Katsina ba. Batun ƙasaru a tambayi malami kafin tashi.

Kayan da za su ƙwace a bakin shiga: dutsen guga, butar lantarki, kyandir, da duk wani kaskon turaren wuta, na garwashi ko na lantarki. Gobara ce babban abin tsoro a teku, kuma kowane ɗaki da na'urar jin hayaƙi. Maiɗakinka ta ɗauki humra da turaren fesawa kawai. Kilishi da dambun nama a bar su gida, Turai ba ta yarda a shiga da nama ba. Ƙaramar butar roba kuwa kada a manta da ita, banɗakunan jiragen Turawa ba su da abin tsarki. Masai kuma iska ce ke zuƙe abin da ke cikinsa ta siririn bututu, ƙyallen goge yaro ɗaya zai toshe na ɗakuna da yawa. Ga ƙaramin naku: yaron da bai daina sa famfas ba ba a barinsa shiga kwamin wanka.

Injiniya Babba, Layout

Umman Sadiq ta faɗi gaskiya a kan AROYA, amma Alhaji ya san iyakarsa. Jirgi ɗaya tak gare su, wanda a da ake kira World Dream, ƙirar Jamus ta 2017, mai ɗaukar fasinja sama da 3,300. Idan ranakunsa ba su dace da hutun makaranta ba, babu na biyu. Kuma a 2025 da zafi ya shigo Istanbul ya koma, yana bi ta tsibiran Girka. Wato a Agusta ga bizar Turkiyya ga ta Shengen. A Disamba ne yake da sauƙi gare mu, tunda daga Kano akwai jiragen Jidda. Sannan tun ƙarshen 2023 da aka fara kai wa jirage hari a kudancin Bahar Maliya, kamfanoni da dama sun sauya hanya ko sun soke zangon yankin gaba ɗaya. Kada a yanki tikitin jirgin sama da ba a iya canza masa rana.

Batun kuɗi. Farashin talla na mutum ɗaya ne, a ɗakin mutum biyu, mafi arha. Ɗaki iri huɗu ne: na ciki marar taga, mai taga, mai baranda, da babban masauki. Yawancinsu ba sa wuce mutum huɗu, don haka ku ɗaki biyu ne. Nemi masu ƙofa a tsakani, kuma da wuri, don su ke fara ƙarewa. Kada a ware wa Hajiya ɗaki ita kaɗai, za a caje ta kusan kuɗin mutum biyu. A haɗa ta da babbar jikarta da mai bi mata.

Abin da ke cikin farashi: ɗaki, abinci a manyan wuraren ci, wasanni, da kulob ɗin yara. Abin da ba ya ciki shi ke kayar da mutane. Kuɗin hidima ana rubuta shi kowane dare a kan kowane kai: MSC a Bahar Rum wajen Yuro 12 ga babba, rabi ga yaro, Royal Caribbean kuma sama da Dala 18 ba babba ba yaro. Ku shida a dare bakwai, a na biyun kun haura Dala 750 kafin ku sha ko lemo. Ruwan gora, lemon kwalba, intanet, wanki, yawon gari da ganin likita duk da kuɗinsu. A MSC da Costa ruwan sha kyauta yana wurin ɗibar abinci, a riƙe gorar cikawa. Kada ejen ya sayar muku da tsarin abin sha mai haɗe da giya, akwai na lemo da shayi zalla. Inda MSC da Costa suka fi sauƙi shi ne yara: sau da yawa yaron da ya kwana ɗaki ɗaya da manya biyu harajin tasha kawai ake biya masa, ko ragi mai yawa.

A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi. Katin ɗakinka shi ne makulli, shi ne walat, ana ɗaure shi da katin banki, su riƙe wani adadi tun ranar farko. Katin naira yakan ƙi saboda iyakar da banki ya sa. Je da katin asusun dala, ko ka ajiye tsabar Yuro ko Dala a teburin karɓar baƙi. Kuɗin da aka riƙe yakan yi kwanaki bai dawo ba bayan sauka.

Waya kuma, jirgi na barin gaɓa a sa ta a yanayin jirgin sama. In ba haka ba za ta kama layin tauraron ɗan'adam na jirgin, wanda tsadarsa ta wuce misali.

Ku isa garin da za a tashi kwana ɗaya kafin ranar. Daga Katsina sai an bi ta Kano ko Abuja, a canza jirgi a Alƙahira, Addis Ababa ko Doha, jinkiri ɗaya ya isa ya ɓata komai. Jirgin ruwa ba motar tasha ba ce da za a jira ka. Haka a kowane zango: ana rufe ƙofa kamar rabin awa kafin tashi, da agogon jirgi ake aiki ba na gari ba. Yawon da kamfani ya shirya ne kaɗai ake jira idan ya makara.

Baban Amira, Ƙofar Ƙaura

Allah ya saka da alheri, Hajiya da Malamai. Na fahimta: Disamba AROYA daga Jidda idan biza ta yiwu, in ba haka ba MSC a Agusta. Saura abu ɗaya. Mahaifiyata tana da hawan jini da ciwon gwiwa, kuma ko a mota jiri take yi. Wane ɗaki zan kama mata?

Umman Sadiq, Daura

Na tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, kusa da lif. Goshi da bayan jirgi da saman bene su suka fi lilo. A samu mai taga ko baranda, kallon inda sama ta haɗu da ruwa yana rage jiri. Ku duba taswirar jirgin kada ɗakin ya faɗo ƙarƙashin wurin kiɗa ko kicin. A cire Durban daga lissafi saboda ita, tekun can yana da igiya, kuma a wasu tsibiran Mozambik da ƙananan kwale-kwale ake sauke mutane.

Maganin jiri irin su Stugeron ana shan sa kafin jirgi ya tashi, ba bayan amai ya fara ba, yana kuma sa barci. Likitanta ya duba ko ya dace da magungunanta. Citta tana taimakawa. Maganin hawan jinin a sa a jakar hannu cikin kwalinsa, da ƙarin na mako guda da takardar likita, domin manyan akwatuna sai yamma suke isowa ɗaki. Yawancin jiragen nan tsawonsu ya haura mita 300, daga ɗaki zuwa wurin cin abinci tafiya ce. Ku zo da keken guragu mai naɗewa, na jirgi na shiga da fita ne kawai. Ku sanar da kamfani yanayinta a fom ɗin masu buƙata ta musamman, don a ba ta mai taimako a atisayen ceto da ake yi wa kowa kafin tashi. Inshorarta kuma ta ƙunshi ciwon da take da shi tun da, da ɗauke mara lafiya daga jirgi zuwa asibiti.