Ina zan samo abin sauraren da zan zuba wa mahaifina a ƙaramar na'urarsa?

Ɗan Birni ya rubuta:

Assalamu alaikum. Mahaifina tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, yana zaune a Birni, ba nisa da fadar Sarkin Damagaram. Shekara biyu ke nan ganinsa yana raguwa, har ta kai ba ya iya karanta ko manyan baƙaƙe, alhali mutum ne da a da ba ka raba shi da littafi. Wayar shafawa ta gagare shi, shi ya sa na saya masa ƙaramar na'urar saurare a kasuwar Dole, irin mai cin katin memori, mai maɓallai biyar da yake ganewa da yatsa.

Na kai katin wurin wani mai turi, ya cika shi da waƙoƙin zamani waɗanda Baba bai saurari ko ɗaya zuwa ƙarshe ba. Na kwashi wasu karatuttuka daga WhatsApp na zuba, na'urar ta ƙi buɗe su. Shi kuwa abin da yake nema shi ne waƙoƙin makaɗan da, irin su Mu'azu Ɗan Alalo da Mamman Shata, sai shirye-shiryen rediyo masu tattaunawa, sai littattafan da aka karanta aka naɗa, da Hausa ko da Faransanci. Don Allah wanda ya san hanya ya taimaka mini.

Mai gyaran rediyo, Zango, ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da alheri. Ɗan'uwa, na'urarka lafiyarta lau, irin fayil ɗin ne bai dace da ita ba. Muryar da ake naɗa a cikin WhatsApp tana fitowa ne a tsarin Opus, su kuwa waɗannan ƙananan na'urori yawancinsu MP3 kaɗai suka sani, wasu su ƙara da WAV. Sai ka juya fayilolin zuwa MP3 a kwamfuta, kuma manhajar VLC, wadda kyauta ce, tana yin wannan aikin. Abin da aka sauke a cikin Spotify ko Audible kuwa kada ka wahalar da kanka, a kulle yake, ba ya buɗuwa a irin wannan na'ura.

Ka kula da katin kansa. Irin waɗannan na'urori sun fi karɓar kati mai tsarin FAT32 wanda bai wuce giga 32 ba, manya kuwa da exFAT suke zuwa, sau da yawa na'urar ta nuna kamar babu komai a ciki. Ba ka ma buƙatar babba. Waƙa a ma'aunin ingancin sauti na 128 kbps tana cin kimanin mega 1 a minti, magana zalla kuwa ma'aunin 64 ya ishe ta, awa guda ba ta kai mega 30 ba, don haka katin giga 8 zai ɗauki fiye da awa 250 na karatu. Sai dai katunan jabu sun yi yawa, za a rubuta musu babban adadi, ka zuba kaya, washegari ka tarar rabi ya lalace. Ka cika sabon kati, ka buɗe fayilolin ƙarshe ka ji ko suna aiki, kafin ka yarda da shi.

Tun da Baba ba ya ganin allo, shawarata ita ce ka raba masa katuna: ɗaya na waƙa, ɗaya na karatu, ɗaya na rediyo, kowanne a cikin 'yar jakarsa mai alamar da hannu zai gane. Ka sa wa fayiloli lamba, 001, 002, 003, kuma ka zuba su bi da bi, domin da yawa daga cikin na'urorin nan suna bin jerin da aka zuba ne, ba jerin suna ba. Na sha ganin wanda ya ji babi na tara kafin na biyu saboda wannan.

Malama daga Sabon Gari ta amsa:

Malam, ni zan yi magana a kan shirye-shiryen rediyo, domin abin da nake yi wa kakata ke nan duk ranar Juma'a. Studio Kalangou, wanda ya fara aiki a Yamai a 2016, yana ajiye shirye-shiryensa na Hausa a shafinsa na intanet, kuma yana taɓo al'amuran ƙasar nan da dattijo zai so ya ji. Sassan Hausa na BBC da DW da RFI ma suna fitar da wasu shirye-shiryensu a matsayin podkas. Nakan yi amfani da manhajar AntennaPod a wayar Android, in sauke shirin, in tura fayil ɗin zuwa kati. Ka duba ƙarshen sunan fayil, idan ka ga m4a sai an juya shi kamar yadda mai gyaran rediyo ya bayyana. Ka fi mai da hankali ga hirarraki da shirye-shiryen tarihi da na lafiya, saboda labaran duniya kwana biyu sun tsufa.

Batun littattafai kuma, Faransancin Baba zai yi masa rana ƙwarai. A shafin intanet na LibriVox, wanda aka kafa a 2005, 'yan sa-kai ne ke karanta tsofaffin littattafan da wa'adin haƙƙin mallakarsu ya ƙare, a babi-babi, a tsarin MP3, kyauta, kuma akwai na Faransanci masu yawa. Na Hausa ne ke da wuya. Mafi yawan abin da za ka tarar a YouTube littattafan soyayya ne, wasu ma an karanta su ba da sanin marubutansu ba, abin da ni ba na jin daɗinsa. Da na rasa, sai na sa ƙanwata tana karanta wa kakarmu shafi goma kowane dare muna naɗa da waya, kuma wannan katin ne ta fi nema a yanzu.

Dattijon Garin Malam ya amsa:

Yaro, kafin ka tafi intanet neman Ɗan Alalo, ka buɗe akwatin mahaifinka. Malamin makaranta na zamaninmu da wuya a ce ba shi da kaset, kuma akwai wasannin da aka naɗa a bikin aure ko a ƙofar fada waɗanda ba su taɓa shiga kasuwa ba. Ni jikana ne ya samo tsohuwar rikoda mai aiki, ya haɗa ta da kwamfuta da igiyar sauti, ya kwashe mini kaset-kaset da manhajar Audacity, har da kiɗan marigayi Malam Maman Barka, ɗan Tasker, wanda ya rasu a 2018. Aikin yana cin lokaci, domin kaset mai minti 90 sai ya yi minti 90 cif yana juyawa, amma zafi da ƙurar garin nan ba sa barin zare ya daɗe, gara a yi yanzu. Wurin masu turi ma ba a rasa tsofaffin waƙoƙi, kai ne za ka je da sunayen makaɗa a rubuce ka tsaya a kansu. Idan mawaƙi yana raye kuma yana sayar da aikinsa, ka saya a hannunsa.

Ɗan Birni ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba na Garin Malam, maganarku gaskiya ce, jiya da dare Inna ta fito mini da kwali guda cike da kaset daga ƙarƙashin gado, wasu da rubutun hannun mahaifina a jikinsu. Biyu daga ciki zarensu ya tsinke. Malam na Zango, ko ana iya haɗa zaren da ya tsinke ba tare da an yi asarar waƙar ba, kuma da wane irin gam ake haɗawa?