Bawul ɗin silinda ta 3 sai matsewa yake yi a Kombi ƙirar 1970

Mai Kombi:
Assalamu alaikum. Volkswagen Kombi ce ta Westfalia, mai gado da wurin girki a ciki, injin 1600 da iska ke sanyaya shi, ba ruwa ba. An saita mata bawul, ba ta daɗe ba ta fara wuyar tashi da safe, sulo yana rawa. Da aka buɗe, bawul ɗin hayaƙi na silinda ta 3 ya matse, fila geji, siririn ƙarfen auna tazara, ba ya shiga. Ta 1 kuma sai ƙas-ƙas take yi. Saitin ne bai yi ba, ko injin ne?

Tsohon bakanike:
Wa alaikumus salam, Malam. A fara sake saitin tukuna. Motar ta kwana, injin ya huce sarai, don awon da aka yi da zafi ƙarya ne. Tazarar da ke tsakanin sukurun saiti da bawul milimita 0.15 ce, a bawul ɗin shan mai da na hayaƙi duka.

In ka tsaya a bayan motar, 1 da 2 suna dama, 3 da 4 suna hagu, 1 da 3 ne na can ciki. Cire murfin distiribita, ka juya fuli har rota ya kalli ɗan tsagin da ke bakin distiribitar, tsagin fuli kuma ya zo kan layin da ya raba injin biyu. Nan ne za ka saita ta 1. Sassauta notin da ke riƙe sukurun saiti, juya sukurun da sukudireba har gejin ya riƙa wucewa da ɗan ja, ka riƙe sukudirebar ka ɗaure, ka sake aunawa. Ɗaurin noti yana jan sukuru, nan ake yawan shan kunu. Sai ka juya fuli rabin zagaye ta hagu, ka yi ta 2, haka 3, haka 4. Injin yana kama wuta ne 1-4-3-2, shi ya sa ake juyawa baya. Wanda ya juya dama ya bi 1-2-3-4 ya ɓata biyu.

Mai gyaran tof silinda:
Oga ya gama magana kan saiti, amma ni ta 3 ɗin ce ta ɗaga min hankali. A injin da aka yi kafin 1971, kular baƙin mai, wato abin da ke sanyaya shi, tana cikin rumfar fanka, daidai hanyar iskar da ke zuwa ta 3. Iska mai ɗumi take samu, ga nauyin gida a bayan mota. Zafi yana sa wuyan bawul ya miƙe, ko mazauninsa ya nutse cikin tof silinda, tazara ta yi ta raguwa. Bawul ɗin da ba ya rufuwa ba ya sauke zafinsa, sai ya ƙone.

Ka saita, ka rubuta awon, ka yi kilomita 500, ka sake aunawa da sanyi. In ya sake matsewa, kar ka ƙara tuƙa ta. Kan bawul zai iya tsinkewa ya faɗa kan fistin, aikin tof ɗaya ya koma gyaran inji gaba ɗaya. A canza bawul ɗin hayaƙi duka huɗu, a duba taimin, a tabbatar kwanukan da ke kewaye da injin da robar bakinsa suna nan.

Mai sifana 13:
Ƙarar ta 1 ba ta kai wannan haɗari ba, gara bawul mai surutu da mai shiru. Kwance sukurun ka duba bakinsa. In ya ci ko ya yi rami, geji zai nuna 0.15 alhali tazarar ta fi haka. Canza shi. Duba notuna biyu na sandar roka, wadda ƙarafan da ke danna bawul suke kanta, 25 Nm (awon ƙarfin ɗauri) ake ɗaure su. In kuwa bawul huɗu na gefe ɗaya ne suka saki tare, to kusoshin tof ne suke zarewa daga jikin injin.

Ka tanadi sabon gasket na murfi guda biyu kafin ka buɗe. Tsohon ba ya sake riƙe mai, kuma kan bututun salansa yake ɗiga.

Mai Kombi:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Gobe da asuba zan auna, zan kawo muku awon takwas ɗin.