Neman shawara: in ba manhaja ta yi min ciniki ko in sayi hannun jari in ajiye?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ɗan tara kuɗi, niyyata in sayi hannun jari in ajiye na shekaru. Sai abokina ya nuna min wata manhaja mai saye da sayarwa da kanta: in farashi ya haura matsakaicinsa na kwana 200 ta saya, in ya faɗo ƙasa ta sayar. Jadawalin da ya nuna min na shekarun baya, ribarta ta ninka ta mai ajiyewa. Ana biyan kuɗin amfani da ita duk wata. Don Allah masana, wanne ya fi in tafiya ta yi nisa?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, jadawalin nan shi ne abin tsoron. Wanda ya haɗa manhajar ya riga ya san abin da kasuwa ta yi, sai ya yi ta juya lambobi, kwana 150, 200, 250, har ya dace da wanda ya fi kyau a takarda. Ka ce ya kawo sakamakon kuɗi na gaske tun daga ranar da aka fara sayar da ita, bayan an cire la'adar dillali da haraji da kuɗin wata. Yawan shiga da fita na cin riba a hankali. Masu bincike Barber da Odean sun bibiyi dubban gidaje a Amurka daga 1991 zuwa 1996: waɗanda suka fi yawan ciniki sun samu kusan kashi 11 cikin ɗari a shekara, kasuwar kuwa kusan 18.

Amsa ta biyu: Gaskiya ne, amma a yi wa ƙa'idar kwana 200 ɗin adalci. Daga Oktoba 2007 zuwa Maris 2009, S&P 500, ma'aunin farashin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka, ta zubar da fiye da rabin darajarta. Mai bin kwana 200 ya fita da wuri, mai ajiyewa kuwa sai 2013 ya ga farashi ya dawo. Amfaninta ke nan, rage zurfin faɗuwa. Matsalarta ita ce lokacin da kasuwa ke kai-komo: ta sayar da araha, ta sake saye da tsada, sau da yawa. A 2020 kasuwar ta faɗi kusan kashi ɗaya bisa uku cikin wata guda, zuwa Agusta ta dawo. Wanda ya zauna bai rasa komai ba.

Amsa ta uku: Ni tsorona kada a ɗauka ajiyewa tabbas ce. Nikkei, ma'aunin kasuwar hannun jari ta Japan, ta kai ƙololuwa a ƙarshen 1989, ba ta sake kaiwa nan ba sai 2024. Tamu ta Najeriya ma, matakin da ta kai a Maris 2008 sai 2023 ta wuce shi, ga darajar naira ta zube a tsakani. In za ka ajiye, ka raba kuɗin a kamfanoni da yawa, kuma ya zama kuɗin da ba ka da buƙatarsa nan kusa.

Amsa ta huɗu: Ƙanena, tambayi wa zai riƙe kuɗin. In masu manhajar za ka tura wa, ka tuna CBEX, wata manhajar zuba jari da ta ce na'ura ke mata ciniki, ta rufe da kuɗin jama'a a Afrilun 2025. Duba ko suna da rajista da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari. Sannan ka tabbatar manhajar ba ta ciniki da bashin ruwa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya, to in bar ta gaba ɗaya ke nan?

Amsa ta huɗu: Da ni ce, zan sa kaso mafi yawa a asusun da ke bin kasuwa baki ɗaya, akwai makamancinsa na halal irin Lotus Halal a kasuwarmu, mai bin kamfanonin da suka dace da shari'a kaɗai, in riƙa ƙarawa duk wata. Ita kuwa manhajar, ka riƙa rubuta cinikinta a littafi shekara guda ba tare da ka sa ko sisi ba, ka cire duk kuɗaɗen da za a caje ka, sannan ka gwada da abin da asusun ya kawo.