Abin da muka tattauna a fada kan bashin ƙasa

Jiya da dare a fadarmu nan Yamai hira ta kai mu kan bashin ƙasa har shayi ya huce a butar ba wanda ya kula, to ga abin da na tsinta.

Baba, tsohon malamin lakwal, shi ya fi daɗewa yana magana, ya ce kar a sake biyan bashi da cikin talaka kamar zamanin tsare-tsaren FMI, asusun ba da lamuni na duniya, aka tsaida ɗaukar ma'aikata aka saida kamfanonin gwamnati, sai kuma 1994 aka karya darajar sefa da rabi, albashinshi ya kasa kai shi tsakiyar wata. Shawararshi a zauna da masu bin bashin a nemi jinkiri ko yafiya, ai an taɓa samu a 2004 ƙarƙashin shirin PPTE na rage wa ƙasashe matalauta nauyin bashi, kuma ƙasashen Afirka su je tare kamar yadda Sankara, shugaban Burkina Faso na lokacin, ya nema a Adis Ababa a 1987.

Sauran sun fi tsayawa kan lanho, wato haraji, wai a ɗora shi kan manyan ƴan kasuwa da kamfanonin uraniyom da fetur, a bar mai tallan ƙosai ta sarara. Wallahi nan na fi yarda.

Wani ƙanenmu likita ya ce ko me za a yanke kar a taɓa maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, sannan OPVN, ma'aikatar ajiyar hatsi ta ƙasa, ta dinga fitar da hatsi da rahusa tun kafin damina, lokacin da tiyar gero ke tashi.