Shagon Bahaushe a Jidda: zanen Kano ko katakon Hijaz?

Mai Shadda, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na karɓi hayar shago a kusa da Bab Makka, inda zan riƙa sayar da shadda da atamfa da huluna da turaren wuta, amma tun kafin kafinta ya buga ƙusa saɓani ya shiga tsakanina da abokin kasuwancina. Ni ina son a yi wa bangon ciki zane irin na gidajen Kano da Zariya, a sa dagi a saman kanta, a fito da zankwaye a kan ƙofar ciki. Shi kuwa ya kafe a kan cewa duk shagon da yake Jidda kamannin Jidda ya wajaba ya ɗauka, domin a ganinsa baƙon da ya ƙawata shagonsa da adon garinsu ya riga ya sanar da mutanen gari cewa ba cinikinsu yake nema ba. Wannan magana tasa nake so a auna mini.

Ɗalibi a Madina:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ina bayan abokinka. Unguwar da ka kama haya tana bakin tsohon garin Jidda ne, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2014, kuma abin da ya jawo masa wannan daraja shi ne gidajen da aka gina da dutsen teku, ana jera katako a tsakanin sahun duwatsun, da tagogin katako da ake kira roshan, masu leƙowa kan titi, waɗanda suke shigar da iska su tare rana, su kuma suturta mutanen gida. Duk wanda ya tsaya a gaban Baitu Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, ya san cewa garin nan yana da fuskarsa. A watan Maris na 2025 ma hukuma ta ƙaddamar da taswirar salon gine-ginen ƙasar, ta raba su gida 19, domin kowane yanki ya riƙe nasa. Ban ga hikimar mutum ya zo tsakiyar wannan yunƙuri ya kafa zaure irin na Ƙofar Mata ba.

Hajiya ta Misfala:
Ɗana, karatunka ya yi kyau, amma kalmar baƙo da abokin Alhaji ya yi amfani da ita, kai ma ka karɓa ba tare da tambaya ba, ita ce ban yarda da ita ba. A Makka aka haifi mahaifina, a nan aka haife ni, a nan na aurar da 'ya'yana. Kakanninmu suna cikin waɗanda suka yo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Wasu suka tsaya a Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, wasu suka ci gaba da ƙafa, suna noma suna ƙwadago a hanya, har Sawakin, suka tsallako teku. Sawakin ɗin kanta da dutsen teku da roshan aka gina ta, saboda haka wannan katako da kake yabo mutanenmu sun kwana a inuwarsa tun ba su ga Jidda ba. Sama da shekara ɗari muna unguwannin Makka, Misfala da Jarwal da Shari'u Mansur. Ka tafi wurin mai tsire bayan Isha'i ka ga ko Hausawa kaɗai ne a layi. Idan Hijaz ta karɓi tsirenmu da yajinmu ta mai da su nata, ban ga dalilin da zai sa dagi a bangon shago ya kori kowa ba. Hijaz tun asali matattara ce: akwai mutumin Bukhara, akwai na Jawa, akwai na Hadramaut, kuma kowa ya zo da abin garinsu.

Ɗalibi a Madina:
Allah ya ƙara girma, Hajiya, ba na ja da tarihi. Sai dai abinci ana ɗanɗana shi a so shi ko ba a san asalinsa ba, zane kuwa sai wanda ya san shi yake karanta shi, kuma matashin da aka haifa a unguwar Hindawiyya, ko da Bahaushe ne, da wuya ya bambance zanko da kowane irin tsini a kan gini.

Baba Kafinta:
Na bar ku kun yi ta tarihi, yanzu ku saurari mai guduma, domin ni ne ake kira idan ado ya fara zubowa. Alhaji, abin da kai da abokinka kuke jayayya a kansa, dukansu biyu ba na gaske za ku samu ba, kuma gara ku san haka tun kuɗi bai fita ba. Zanen gidajen Kano da Zariya da Damagaram ana fito da shi ne da hannu a jikin ɗanyen yaɓe, a kan bangon tubali mai kauri, a shafe shi da makuba wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, rufin kuma da azarar giginya. A shagon haya na Jidda bangonka bulo ne da siminti, silin ɗinka jibs ne, wato farin filasta, mai gida ba zai bari ka ɗora masa laka ba, kuma ko ya bari, gumin teku a waje da na'urar sanyaya ɗaki a ciki za su sa ta tsattsage. Roshan na asali kuwa da katako mai nauyi da ake kawowa ta jirgin ruwa daga Indiya da Jawa aka yi shi, an sassaƙa shi gunduwa-gunduwa ana haɗawa, kuma aikinsa shi ne shan iska. Wanda ake liƙawa a shaguna yau allon garin katako ne da inji ya huda. A manna shi a bangon da babu taga a bayansa, ya zama kamar rawani a kan turmi.

Abin da nake so ka fara tunani a kai shi ne kayan da za ka sayar. Shadda da ƙyalli take cin kasuwa. Na sha ganin mace ta ɗauki bandir ta nufi bakin ƙofa domin ta ga launinsa a hasken rana, saboda ƙwan da aka sa mata a ciki mai ruwan ɗorawa ne, ya mai da fari ruwan madara, ya mai da shuɗi wani abu dabam. Idan ka shafe bangonka da jan ƙasa ka ƙara da fitila mai ja-ja domin ya yi kama da soro, ka kashe shaddarka da hannunka. Bangon da ke bayan yadi fari ya kamata ya zama, da farar fitila daga sama. Kantar yanka kuma ta yi tsawon da za a warware yadi biyar a kanta ba tare da ya ja ƙasa ba. Turaren wuta a ware masa lungu kusa da ƙofa a cikin durowar gilashi, domin hayaƙi yana kama atamfa, ba kowace mai saye ce take son ƙamshin da ba ita ta zaɓa ba, sannan kasko ɗaya ya isa ya tayar da na'urar gano hayaƙi. Tabarmi da faifai da zana da mutane suke son rufe silin da su, jami'an Difa'ul Madani, wato hukumar kashe gobara, ba wasa suke yi da abin da wuta take saurin ci ba, kuma lasisin Baladiyya, wato hukumar gari, yana rataye da amincewarsu. Game da taswirar da ɗalibinmu ya ambata, fuskar gini ta waje ta fi shafa, wadda dama ba a hannun ɗan haya take ba.

Ɗan Damagaram, Makka:
Baba ya gama magana a kan aiki, amma akwai tambayar da ba a yi wa Alhaji ba: wa zai shigo shagon? Alhajin da ya taso daga Kano ko Maraɗi ya zo sayen tsaraba bai biya kuɗin kujera domin ya tarar da Kasuwar Kurmi a Jidda ba. So yake ya ɗauki hoto a wurin da za a gani a gida a ce lallai ya je Saudiyya. Ga irin wannan, abokin Alhaji ne da gaskiya. Amma shadda da atamfa ba tsarabar mahajjaci ba ce, tunda a can gida ma ana samun su. Masu sayensu mazauna ne, masu shirin biki da suna da Sallah.

Hajiya ta Misfala:
To, ka kawo mu gida, ƙanena. Mu ne masu sayen, kuma ni abin da yake mayar da ni shago ba zanen bango ba ne. Mu ba ma ciniki a tsaye. Mace takan zo da ƙanwarta da 'yarta da jikanta a goye, za a haɗa lefe, a sauke turmi goma a mayar da bakwai, a kira wata a waya a nuna mata, a taya, a ce albarka, a sake tayawa. Shagunan zamani sun cika ko'ina da kanta, ba su bar wurin ajiye jaka ba. Alhaji, ka rage kanta ɗaya ka sa dogon benci mai laushi, da labule a gefe inda mace za ta ɗaga niƙabi ta kara yadi a fuskarta a gaban madubi. Dagin kuwa ban janye ba: a yi guda ɗaya babba, a ba wanda ya iya, kada a cika bango da shi.

Baba Kafinta:
Guda ɗaya zai yiwu, Hajiya, a fito da shi da jibs a bangon da yake fuskantar ƙofa, nesa da yadi, kuma labulen naki ana iya maye shi da shingen katako mai huda irin na roshan, tunda a nan yana da aikin yi, wato sutura da wucewar sanyi. Sai dai bencin yana cin wuri, hayar Bab Makka kuma da mita ake lissafa ta. Alhaji, ka turo mini faɗin shagon da tsawonsa da inda ginshiƙi ya tsaya, sannan ka tambayi mai gida a rubuce ko ya yarda a huda bangon gabas, domin idan bai yarda ba, bututun na'urar sanyi ta saman ƙofa zai bi, kuma zankwayenka ba su da wurin zama.